Yadda Sauraren Taurari da Rediyo Ya Samu Gindin Zama a Maƙwabtan Dubai

Ranar 9 ga Fabrairun 2021, injiniyoyin Cibiyar Sararin Samaniya ta Muhammad bin Rashid sun yi jugum a ɗakin aikinsu da ke Al Khawaneej a Dubai. Kumbonsu mai suna Al-Amal, wanda aka harba daga Japan a watan Yulin 2020, ya isa duniyar Mas, yana ta rage gudu don ya samu shiga kewayenta. Babu mai iya kai masa ɗauki, domin duk saƙon da ya aiko sai ya yi kusan minti 11 a hanya. Da albishir ya zo, ta igiyar rediyo ya zo: manyan faya-fayan hukumar NASA ne suka kamo shi suka miƙa wa Dubai.

Wannan daren ne ya sa duniya ta waiwayi Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Sai dai ilimin sauraren sama da rediyo ya daɗe da riga kumbon shiga ƙasar, a hannun malaman jami'a, ba tare da an buga ganga ba. Ɗan kasuwarmu da ya sauka a Deira, ya tsallaka Sharja neman kayan gyaran mota, da wuya ya san cewa a harabar jami'o'in garin akwai masu sauraren Rana da Mushtari. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan aiki shi ne Farfesa Ilias Fernini, ɗan asalin Aljeriya.

Fannin kansa bai kai shekara ɗari ba. Kamfanin tarho na Bell a Amurka ya sa wani injiniya, Karl Jansky, ya gano abin da ke kawo shashshaka a layukan da ke tsallaka teku. Ya tarar da wata ƙara mai dawowa duk bayan awa 23 da minti 56, wato tana bin juyin taurari ke nan, ba na Rana ba. A 1933 ya bayyana cewa daga tsakiyar gungun taurarin da muke ciki take fitowa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana a Kambirij ta Ingila suka shiga lissafa wuraren da irin wannan ƙara ke fitowa, har suka fitar da kundin da ake kira 3C a 1959. A 1974 wani ɗalibi ɗan Afirka ta Kudu, Bernie Fanaroff, da abokiyar aikinsa Julia Riley suka raba gungun taurari masu fitar da rediyo gida biyu: masu haske kusa da cibiya, da mafiya ƙarfi, waɗanda haskensu ke taruwa can a gefuna biyu masu nisa. A kan wannan gida na biyu Fernini ya gina bincikensa.

Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Jihar New Mexico da ke Las Cruces, ya kammala a 1991 a ƙarƙashin Jack Burns. Ya faɗo a kan gaɓa, domin a jihar ne aka buɗe na'urar VLA a 1980: faya-fayai 27, kowanne faɗinsa mita 25, suna tafiya a kan layin dogo mai rassa uku a filin San Agustin. Idan aka baza su, sai su yi aiki tare a matsayin ido guda mai faɗin kilomita talatin da wani abu.

Tambayar da ta dami masana a lokacin tana da daɗin bi. A tsakiyar irin waɗannan gungun taurari akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyoyi ko biliyoyi, kuma daga kusa da shi ake feso wuta ta fuska biyu da gudun da ya kusa na haske. Amma idan aka duba abubuwan da ake kira kwasa, sai a ga feshin a gefe ɗaya kawai. Idan kuma aka duba gungun taurari masu rediyo, sau da yawa ba a ganinsa sam. A 1989 Peter Barthel ya ce abu ɗaya ne, bambancin kawai ta inda muke kallonsa. Kamar tocila ce da dare: wanda aka haske wa ido sai ta kashe masa gani, wanda yake gefe kuwa sai dai ya ga inda hasken ya sauka. Shekara guda kafin nan Robert Laing da Simon Garrington da abokan aikinsu sun lura cewa rediyon da ke fitowa daga gefen da ba a ganin feshi ya fi hargitsewa, alamar cewa shi ne gefen da ya fi nisa da mu, ya ratso iskar gas mai maganaɗisu fiye da ɗan'uwansa.

Magana ce mai kyau, amma sai an gwada. Fernini da Burns, tare da Alan Bridle da Rick Perley, suka ɗauki hotuna masu zurfi na gungun taurari biyar daga kundin Kambirij, aka buga a 1993. A 1997 shi da Burns da Perley suka ƙara takwas. Manufar ita ce a jera su da hotunan kwasa da aka ɗauka da na'ura ɗaya, a ga me ya yi daidai, me ya saɓa. Feshin da ke bayyana ƙarara a kusan kowane kwasa bai cika fitowa a waɗannan ba, kamar yadda ra'ayin Barthel ya yi hasashe. Irin wannan aiki ba ya kai mutum shafin farko na jarida. A ganina kuwa shi ne ƙashin bayan ilimi, domin duk wanda ya zo daga baya da sabon ra'ayi, a kan waɗannan hotuna da irinsu zai auna shi.

Daga nan ya koma Jami'ar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ke Al Ain, wadda aka kafa a 1976, ya shafe shekaru yana koyar da fiziks. Ƙasar ba ta da wata na'ura mai kama da VLA, amma bai ajiye binciken ba. Ya ci gaba da fitar da hotunan gungun taurari da kwasa daga bayanan na'urar ta New Mexico har zuwa 2014. A gefe guda, a 1998 an buga masa littafi a Abu Dhabi a kan malaman Musulunci na shekarun 150 zuwa 1000 bayan Hijira. Duk wanda ya san yadda malamanmu na zaure suke ɗaukar hisabi da falaki zai gane abin da ya ja masanin rediyo zuwa ga magabatansa.

A 2015 Sarkin Sharja, Shaikh Sultan bin Muhammad Al Qasimi, ya buɗe cibiyar nazarin falaki da sararin samaniya a ƙarƙashin Jami'ar Sharja. Fernini ya koma can, ya riƙe ɓangaren ɗakunan bincike. Na'urar rediyo da suka kafa don sauraren Mushtari da fashe-fashen Rana wayoyi ne da aka ɗaura a kan sanduna, tana kama megahaz 20.1, dab da inda Jansky ya yi nasa sauraren. Suka kuma girka faya-fayai uku masu faɗin mita biyar-biyar, suna kama megahaz 1,420, wato muryar iskar haidirojin da ta cika sararin samaniya. Zaɓin wannan zango yana da dalili. Tsakanin Dubai da Sharja iska cike take da saƙon waya da na jiragen sama, amma dokar sadarwa ta duniya ta hana kowa watsa komai tsakanin megahaz 1,400 da 1,427. Da faya-fayai uku ɗalibi zai koyi dabarar haɗa saƙonni da VLA ke yi da 27, ya yi kuskure ya gyara da hannunsa. A watan Janairun 2023 cibiyar ta harba ɗan ƙaramin tauraronta, Sharjah-Sat-1, wanda ɗalibai suka sa hannu a aikinsa.

Mu ma muna da namu a wannan fage. Samuel Okoye ya yi digirinsa na uku a Kambirij a ƙarƙashin Antony Hewish, kuma su biyu ne suka hango wani ɗan ƙaramin wuri mai ƙarfin rediyo a cikin gajimaren Kaguwa a tsakiyar shekarun 1960, wanda daga baya aka tabbatar gawar tauraro ce mai juyawa sau kusan 30 a daƙiƙa. Ya dawo gida ya kafa cibiyar binciken sararin samaniya a Jami'ar Nsukka a 1972, ya rasu a Landan a 2009. Ghana ta mayar da tsohon faifan sadarwa mai mita 32 da ke Kuntunse na'urar falaki a 2017. Fanaroff kuwa shi ya jagoranci Afirka ta Kudu har ta samu rabonta na babbar na'urar SKA. Na'urar sauraren Mushtari irin ta Sharja waya ce da sanduna da rasiba da kwamfuta, sai fili mai nisa da hayaniyar gari, kuma ina fatan ganin sashen fiziks na Jami'ar Bayero ko na Ahmadu Bello ya kafa tasa.