Kofi Goma, Bashi Ya Ƙi Ƙarewa

Mai karatu, in ka leƙa gidan kallon ƙwallo a Batsari ko Safana, ko majalisar samari a Yasore, musun da za ka tarar bai wuce na Arsenal da Chelsea ba. Da wuya ka ji an ambaci Super Falcons, ƙungiyar matan Nijeriya. Alhali zuwa 2025 sun ci kofin Afirka sau 10, su kuwa mazan, Super Eagles, sau 3 kacal: 1980, 1994 da 2013. Sai dai fa tarihin matan nan rabi nasara ne, rabi bin bashi.

A 2004 sun ci kofi a Afirka ta Kudu, suka ce ba inda za su motsa daga otal sai an biya su alawus ɗinsu. A 2016 suka doke Kamaru da ci 1-0 har gida, suka dawo Abuja suka yi zaman dirshan a otal kusan mako biyu, har da tattaki zuwa Majalisar Tarayya riƙe da kwalaye, kafin gwamnati ta saki kuɗin. Aka maimaita a Faransa a 2019, bayan Jamus ta fitar da su daga gasar duniya. A shekarar ce kyaftin ɗinsu, Desire Oparanozie, ta fito fili ta nemi a riƙa biyan su daidai da maza. Ba a daɗe ba aka sauke ta daga muƙamin.

A Amurka kuwa kotu matan suka nufa. 'Yan wasa 28 sun kai ƙarar hukumarsu a 2019, aka sasanta a 2022 kan dala miliyan 24, sannan aka rattaba hannu kan biya daidai wa daida.

Masu adawa kan ce ai wasan maza ya fi jawo 'yan kallo da tallace-tallace. Maganarsu ba ta rasa tushe. FIFA ta ware dala miliyan 440 ga gasar maza ta 2022, ta mata ta 2023 kuwa miliyan 110. To amma ka lura, mai karatu, abin da ya zaunar da namu a otal ba neman daidaito ba ne. Kuɗin da aka riga aka yi musu alkawari ne. Yawan 'yan kallo bai zama hujjar riƙe wa ma'aikaci guminsa ba.

Da suka doke Maroko 3-2 a Rabat a 2025, Shugaba Tinubu ya yi wa kowacce alkawarin dala 100,000 da gida da lambar yabo. Madalla. Sai dai kyauta daban, haƙƙi daban. Kyauta sai mai ita ya ga dama, kuma sai an ci kofi. Abin da matan nan suka shafe shekara 20 suna nema shi ne rubutacciyar yarjejeniya, da biya a kan lokaci, ko an ci ko an faɗi.