WeeChat: manhajar hira da rubutu zalla

WeeChat manhaja ce ta hira a intanet wadda ba ta da hoto, ba ta da murya, sai rubutu a kan baƙin allon kwamfuta. Wani Bafaranshe mai suna Sébastien Helleu ne ya fitar da ita a watan Yuni na shekarar 2003, kuma har yanzu shi ke jagorantar gyaranta. Kyauta ce, kowa na iya duba yadda aka ƙera ta, ya ma canza abin da ya ga dama.

An yi ta ne domin shiga IRC, wani tsohon tsarin hira da Jarkko Oikarinen ya ƙirƙiro a jami'ar Oulu ta ƙasar Finlan a 1988, wato fiye da shekara ashirin kafin WhatsApp. A IRC mutane na haɗuwa a zauruka, sunan zaure yana farawa da alamar #. Mutum ya zaɓi laƙabi kawai ya shiga, babu mai tambayarsa lambar salula. Umarni ma da rubutu ake ba shi: /join na shigar da mutum zaure, /nick na canza masa laƙabi, /quit na fitar da shi.

Babban amfaninta shi ne rashin nauyi. Rubutu ba ya cin mega kamar hoto da bidiyo, don haka ko rezo ya yi rauni saƙo na wucewa, kuma tsohuwar kwamfuta na ɗaukarta. Ana iya raba allo gida-gida a bi zauruka da yawa lokaci ɗaya, ana kuma ƙara mata aiki da ƙananan shirye-shirye na Python, Perl ko Lua. Tana aiki a Linux, BSD da macOS.

Sai dai ba ta da sauƙin koyo, kuma akwai inda IRC ke gazawa. A yawancin zauruka, idan aka ɗauke wuta ko rezo ya yanke, abin da aka faɗa bayan fitar mutum ya wuce shi. Shi ya sa gwanaye ke barin WeeChat a kunne dare da rana a wata kwamfuta mai nisa, su riƙa leƙa ta daga salula. Sirri ma ragagge ne, domin mai kula da uwar garken na iya ganin saƙonni.

A yau masu rubuta manhajoji ne suka fi amfani da ita, musamman a Libera.Chat, wadda aka kafa a watan Mayu na 2021 bayan rikicin shugabanci a freenode.