Daga ɗakin ƙasa zuwa na bulo: tarihin amsa-kuwwa a gidajenmu



Suna ɗaya muke kiran lasifika da muryar da bango ke maido mana: amsa-kuwwa. Ta biyun ba ta dami kakanninmu a Yauri, Ngaski da Shanga ba, domin rufin ciyawa da tabarmi shanye sauti suke yi.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an tashi mutum kimanin 44,000, har da Gungawa mazauna tsibirai, aka zaunar da su a gidajen bulo da siminti. Sannu a hankali sauranmu ma muka koma bulo da kwano. Rediyo da kaset ba su tona asirin irin wannan ɗaki ba. Wufa ce ta tona: mu zuba kuɗi mu saya, ta cika kusurwa da gunji, a tsakar ɗaki kuma shiru, sai mu ce ɗan kasuwa ya cuce mu.

Galibi laifin ɗakin ne. Tun 1895 Wallace Sabine ya fara auna amsa-kuwwa a jami'ar Harvard ta Amurka, da agogo da matasan kujeru. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka ɗaki mai tsawon mita 4 yakan kumbura amon da ke wajen hazi 43.

Gwajin farko kyauta ne. Mu ɗora wufar a inda muke zama, mu zagaya gindin bango a durƙushe (yara za su yi dariya), inda amon ya fito sumul nan ne mazauninta. Sannan a zo batun labule da darduma, da rage murya saboda maƙwabta.