Zaman Cuɗanya Tsakanin Musulmi da Maguzawa da Kirista a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Waiwayen Tarihi

Gabatarwa

Duk sa'ad da aka yi irin wannan zama domin yabon al'adun gargajiya da haɗin kan ƙasa, hankali yakan karkata ne ga abin da ido ke gani a dandali, watau hawan salla da dawaki da lifidi da algaita. Wannan ba laifi ba ne, gama hukumar UNESCO da kanta ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, ta kuma bi shi da hawan sallar Kano a 2024. Amma wannan takarda za ta bar birni ta nufi karkara, zuwa kudancin Jihar Katsina, inda Hausawa masu addini uku suka daɗe suna noma ƙasa ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, suna kuwa binne juna. Manufarta ita ce ta bi diddigin yadda wannan zama ya samu, da abin da ya riƙe shi, da kuma inda ya tsage, domin yabon da ba a haɗa shi da faɗin gaskiya ba bai cancanci taron masana ba.

Ƙasar da mutanenta kafin zuwan Turawa

Yankin da muke magana a kansa ya ƙunshi Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari da Ɗandume. Ruwan sama ya fi yawa a nan bisa ga arewacin Katsina, ƙasar kuma tana da laka mai riƙe danshi, saboda haka dawa da auduga suke yi ƙwarai tun kafin a san takin zamani. Dakta Yusufu Bala Usman, a cikin littafinsa na tarihin Katsina wanda aka buga a 1981, ya nuna cewa tun kafin jihadi akwai tsofaffin garuruwa masu sarautun kansu a wannan kudu, irin su Maska da Gozaki da Birnin Kogo, waɗanda arzikinsu ya dogara ga noma da saƙa da rini. Musulunci ya daɗe da kafuwa a cikin ganuwoyinsu, alhali kuwa a wajen ganuwa manoma da yawa suna nan a kan addinin kakanninsu.

Waɗannan manoma su ake kira Maguzawa. Masu ba da labarin baka sukan ce sunan ya samo asali ne daga gudun salla, amma masana da yawa sun fi karkata ga cewa daga kalmar Larabci ta Majusu ya fito. In haka ne, to, sunan da kansa hukunci ne na fiƙihu: malamai sun sanya su cikin sahun waɗanda za a iya barinsu a kan addininsu, a karɓi jiziya daga hannunsu, a kuma tsare musu rai da dukiya. Bayan da birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a wajejen 1807, aka naɗa Malam Ummarun Dallaje, sarakunan Haɓe kuma suka koma arewa suka kafa Maraɗi, ba a kawar da Maguzawan kudu ba. An bar su a gidajensu, ƙarƙashin shugabannin cikinsu waɗanda ke tara haraji su kai wa hakimi.

Kada mu yi wa wannan tsari ado da ya wuce kima. Zama ne na babba da ƙarami. Bamaguje ba ya riƙe sarautar gari, kalmar arne kuwa da ake jifansa da ita ba ta girmamawa ba ce, a da ko a yanzu. Duk da haka tsarin ya ba shi gurbi sananne a cikin shari'a da siyasa, mahukunta kuma suna da dalilin kiyaye shi, domin rumbunan Maguzawa suna cikin abin da ke ciyar da garuruwa. Yunwa ba ta tambayar wanda ya noma dawa ko yana salla.

Gida da gandu

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin a nan maganar take. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya kuma buga littafinsa a 1946, ya lura da yadda addininsu ya cuɗanya da Musulunci ƙwarai: sun yarda da Allah Maɗaukaki, sai dai suna neman biyan bukatun yau da kullum ta hannun iskoki. A ƙasar Malumfashi kuwa, Farfesa Murray Last, mai littafin tarihin Daular Sakkwato na 1967, ya zauna a cikin wani gidan Maguzawa a farkon shekarun 1970. Irin gidan da ya gani ba ƙauye ba ne mai ganuwa, gida ne ƙato shi kaɗai a tsakiyar gonaki, wanda kan ɗauki mutum ɗari ko fiye, 'ya'ya da jikoki ƙarƙashin maigida ɗaya. Maza suna aikin gandu tare, mata ba su da kulle, suna da gonakinsu da rumbunansu, suna kuma dafa giya domin buki da gayya.

To, abin lura shi ne, in aka cire giya da tsafi da rashin kulle, kusan dukkan sauran abin da ke cikin wannan gida akwai shi a gidan maƙwabcinsa Musulmi. Gandu ɗaya ne, da ƙa'idarsa ta cewa maigida ya ciyar, ya biya haraji, ya yi wa ɗa auren fari, ɗa kuwa ya samu gayaunarsa da ranakun kansa. Gayya ɗaya ce, mai kiɗan gangar noma ba ya tambayar addinin wanda zai wasa kafin ya kira shi da kirarin kakansa. Sarautar noma ma haka, duk wanda ya tara dami dubu an san shi a ƙasar, ko wane ne shi. Wanzamin da ke cire wa jaririn liman beli shi ne ke zuwa gidan Bamaguje, maƙerin da ke ƙera garma kuma ba ya ƙera ta iri biyu. Alkunyar ɗan fari, da wasan taubasai, da kunyar surukai, da zaman makoki, duk babu wanda zai ce nasa ne shi kaɗai.

Sunaye ma shaida ne. Tanko shi ne namijin da ya biyo bayan mata, Kande ita ce macen da ta biyo bayan maza, Nomau an haife shi lokacin noma, Anaruwa kuwa ana tsakar ruwa. Ɗanladi da Talatu da Laraba da Jummai da Asabe sunayen ranaku ne, ranakun kuma daga Larabci Hausa ta aro su. Ke nan Bamagujen da bai taɓa alwala ba yana kiran 'yarsa da sunan da tushensa ke cikin harshen Alƙur'ani, Musulmi kuma yana kiran ɗansa Bawa ko Jatau kamar yadda kakanninsa suka yi tun kafin Shehu. A ganina wannan aron juna na yau da gobe ya fi kowace yarjejeniya ƙarfi, domin ba wanda ya zauna ya tsara shi, balle wani ya tashi ya soke shi.

Akwai kuma cinikin asiri, wanda ba a cika faɗarsa a fili ba. Musulmi yakan je wurin Bamaguje neman maganin sauyoyi da sassaƙe, Bamaguje kuma yakan zo wurin malam neman rubutun sha da laya. Kowa yana ganin akwai wani abu a hannun ɗan'uwansa.

Auduga, reluwe da mishan

Turawa sun ci Katsina a 1903, suka tsara gundumomi, Galadiman Katsina yana riƙe da Malumfashi, Sarkin Maska kuma daga baya ya dawo da mazauninsa Funtuwa. Abin da ya ɗaga Funtuwa shi ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta bi ta cikinta har ta kai Ƙauran Namoda a 1929, da kuma gidajen gurzar auduga na kamfanin BCGA a Funtuwa da Malumfashi. Da jirgi ya zo sai ya kawo Yarbawa da Ibo da mutanen kudancin Zariya, akawuna da direbobi da masu awo, da yawansu Kirista. Wannan shi ne Kiristancin baƙi, na cikin gari.

Na biyun shi ne wanda ya fi shafar maganarmu. Da farko gwamnatin Turawa ta hana 'yan mishan yin wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi, sai a shekarun 1930 aka sassauta, musamman ta hanyar aikin jinyar kutare da ɗakunan shan magani. Mishan ɗin SIM, wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta, ta kafa tasha a Malumfashi. 'Yan Katolika na ƙungiyar Dominikan, waɗanda aka danƙa wa yankin Sakkwato a 1953, su ma suka zo, suka kuma kafa makarantar horar da malaman katikis a garin. Wa'azinsu bai samu shiga sosai a tsakanin Musulmi ba, a gidajen Maguzawa ya samu. A ɗaya ɓangaren kuma Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi rangadin musuluntarwa tsakanin 1963 da 1965, ƙungiyoyin da'awa kuwa suka ci gaba bayansa. Haka Bamaguje ya wayi gari ana kiransa daga gabas da yamma. Last ya nuna cewa shawarar barin addinin gida ba ta rabuwa da sha'anin tattalin arziki: wanda ya shiga fatauci yana bukatar amanar 'yan kasuwa da masauki a garuruwa, waɗannan kuwa Musulunci ne ke buɗe ƙofarsu. Makaranta da asibiti suka zama ƙofar ɗaya ɓangaren.

Sakamakon haka shi ne gida ɗaya ya rabu uku, wa ya musulunta, ƙane ya shiga coci, tsohon kuma yana nan da kan gidansa har ya mutu. Amma gonar gado ba ta rabu da addini ba, iyaka tana nan inda take, zumunci kuma ya tilasta a haɗu a suna da aure da jana'iza. Kiristan Bahaushe kuwa bai bar harshensa ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi ɗawainiyarsa da taimakon wasu, a cikinsa kuma Allah ake cewa, da Ubangiji da addu'a da alheri da tuba da gafara, kalmomin da mai sauraron tafsiri ya sani sarai. Wanda ya taɓa jin matan Zumunta suna waƙa da tulu da ganga a ƙauyukan Ƙafur ya san amon daka da na dandali ne aka shigar cikin ibada. A Oktoba 2023 aka yanke Dayosis ɗin Katolika na Katsina daga na Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa bishop ɗinsa na farko, shi ne kuwa Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a ɗariƙar.

Shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya kawo taki da irin masara da hanyoyin karkara. Masara ta zama amfanin sayarwa, kasuwannin hatsi irin ta Ɗandume suka bunƙasa, sai dai aikin ƙwadago na kuɗi ya rage wa gayya ƙarfi, samari kuma suka fara ficewa daga gandu da wuri. Ba malami ko fasto kaɗai ya raunana tsohon gida ba, da hannun buhun taki a ciki. A wannan zamani ne kuma muryar Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa mazaunin Funtuwa, ta cika rediyo, ba a kuwa taɓa jin gidan da ya kashe akwatinsa domin bambancin addini ba.

Inda aka samu tsaga

A watan Maris 1987, watanni kaɗan kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina, rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu har Funtuwa, aka ƙona majami'u. A Afrilu 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka sake yin ɓarna a Funtuwa da Malumfashi. Abin da ya kamata masu tarihi su lura da shi shi ne, duka biyun wutar daga waje ta taso, a cikin gari kuma ta fi ci, inda baƙo da ɗan gari ba su haɗa kaka ba. Amma kada wannan ya sa mu rufe ido ga koke-koken Hausawa Kirista, waɗanda ke cewa sukan sha wuya wajen samun filin gina coci da gurbin aiki, ga kuma ɗaurin kai na masu ganin cewa Bahaushe ba ya zama Bahaushe sai da Musulunci. Tarihin wannan ƙasa bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. Haka kuma addinin gargajiyar kansa ya kusa ƙarewa, domin masallaci da coci, ko da sun saɓa a kan abubuwa da yawa, sun haɗu a kan ƙin tsafi, mu kuwa masana ba mu rubuta ko rabin abin da tsofaffin suka sani na itatuwa da taurari da kirarin iskoki ba.

Masifar 'yan bindigar daji ta zo da wani irin daidaito mai ɗaci. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Mayu 2021 aka kai hari cocin Katolika na Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello. A ranar 19 ga Agusta 2025 aka buɗe wa masallata wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, aka kashe mutane da dama. Gidan da ya fi shiga haɗari a irin wannan hali shi ne wanda ke zaune shi kaɗai a tsakiyar gonaki, watau ainihin irin gidan da Last ya zauna a cikinsa. Iyalan da suka bar irin waɗannan gidaje suka koma bakin titi sukan sauka ne inda masu addininsu suke, wa a wata unguwa, ƙane a wata, gonar da ta haɗa su kuwa tana can cikin daji ba mai iya zuwa. Saboda haka nake roƙon sassan Hausa da na tarihi na jami'o'inmu, na Katsina da Dutsin Ma da Zariya da Kano, su tura ɗalibai su ɗauki maganar dattawan da suka tashi a cikin gandu, Musulminsu da Kiristansu da ragowar Maguzawansu, a rubuta sunayen gidajen da iyakokin gonakinsu tun masu iya nuna su da yatsa suna da rai.