Yadda Ƙofar Shawara Ta Riƙa Buɗewa

'Yan uwa mata, tunda muna bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, ya kamata mu waiwayi tarihi, mu ga yadda talaka ya fara samun bakin magana a kan dokokin da ake yi masa.

A Jamhuriya ta Farko, mace a Arewa ba ta da ƙuri'a. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar mata a jam'iyyar NEPU, ta sha duka da ɗauri sau da dama saboda neman wannan 'yanci. Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, iyayenmu mata suka fara shiga layi, sannan suka yi babban zaɓe a 1979.

To amma ƙuri'a daban, sanin abin da ake ƙullawa a ofis daban. Wannan ya sa 'yan jarida da lauyoyi suka nemi dokar 'yancin samun bayanai. Ƙudurin ya shiga majalisa a 1999. A 2007 majalisa ta amince, Shugaba Obasanjo bai sa hannu ba. Sai ranar 28 ga Mayu, 2011, Shugaba Jonathan ya sa hannu. Shekara goma sha biyu ke nan! Dokar ta ce duk ɗan ƙasa na iya rubuta wa hukumar gwamnati takarda ya nemi bayani, a ba shi amsa cikin kwana 7, kuma ba dole ya faɗi dalilinsa ba.

A ajin yaƙi da jahilci mun koyi hanyar da ƙuduri ke bi: karatu na farko, karatu na biyu, sai kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, sai karatu na uku, sannan sa hannu. Wannan zaman na kwamiti shi ne wurinmu. Wanda ya je da takarda a hannu shi ake saurare, wanda ya zauna gida sai dai ya ji a rediyo.

Idan aka tsallake shawara kuwa, an ga abin da ke biyo baya. A Oktoba 2022 aka sanar da canjin takardun Naira 200, 500 da 1,000. Kafin Fabrairu 2023 kuɗi sun ɓace a kasuwanni, tumatir na ruɓewa a kwando, mai saye na tsaye ba tsaba. Jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai ƙara. Ranar 3 ga Maris, 2023, Kotun Ƙoli ta ce ba a ba jama'a isasshiyar sanarwa ba, ta ba da umarnin a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka muna roƙon uwar ƙungiya ta ware mata biyu masu karatu, su riƙa bibiyar kasafin kuɗin ƙaramar hukuma da maganar harajin rumfa, su kawo mana rahoto a taron wata. Mazajenmu da 'ya'yanmu kuma ku taya mu da rubutu. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, amin.