Iska da Aljani

A ƙauyukan Rano da Kibiya, irin su Fassi, idan aka ce wance tana da iskoki, kowa ya san ba guguwa ake nufi ba. Iska kalmar gida ce: abin da ba a gani, sai dai a ga aikinsa. Da ita Maguzawa da 'yan bori suke kiran Inna da Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, mazauna birnin Jangare.

Aljani kuwa baƙo ne. Daga Larabci ya zo, al-jinn, Bahaushe ya haɗiye shi har da "al" ɗinsa, kamar yadda ya yi wa alƙali da alƙalami. Yau mai ruƙiyya aljani yake cewa, mai garaya ya ce iska, tsohuwa mai tsoro ta kauce wa duka biyun ta ce mutanen ɓoye.

'Yan asalin Ostireliya na yankin Kimberley sun zana nasu iskokin, Wandjina masu kawo ruwan sama, a jikin duwatsu: manyan idanu, babu baki. Bahaushe bai zana ba. Iska hawa take yi, shi ya sa ake kiran wanda ta hau doki, mace kuma goɗiya.