Dambe: Daga Fagen Kaka Zuwa Gidan Tikiti

A al'adar Hausawa, dambe wasan rundawa ne, wato mahauta. Bayan an kwashe amfanin gona da kaka, 'yan dambe kan bi garuruwa da makaɗansu suna neman abokan karawa. A fage ake koyon wasan, kuma yaro kan lizimci wani gogaggen ɗan dambe, ya riƙe masa kaya, ya lura da tsayuwarsa, har ranar da za a ɗaura masa zare. Shaidar wannan tarbiyya tana cikin sunayen da ake ji har yau: "Shagon wane", "Autan wane", "Bahagon wane". Sunan yana nuna gidan da mutum ya fito.

Dambe ba shi da jerin motsi da ake haddacewa kamar na karate ko judo na Japan. Duk da haka yana da tsarinsa. Hannun da aka naɗe shi ne mashi, wanda aka miƙa gaba a buɗe shi ne garkuwa. Ana yin turmi uku, wanda ya kai abokinsa ƙasa ya yi kisa. Kafin a gwabza akwai kirari, akwai taken kalangu, kuma waƙar Ɗan'anace ce ta dawwamar da sunan Shago.

Da wasan ya koma birane, sai aka sami gidajen dambe na dindindin a Kano da Dei-Dei ta Abuja, inda ake biyan kuɗin shiga, ana kuma fafatawa tsakanin Kudu da Arewa da Guramada. Daga 2017 tashar Dambe Warriors ta YouTube ta kai shi idon duniya. Masu shirya gasa na zamani sun kawo awon nauyi da agogo da likita, 'yan wasa kuma suka ƙara gudu da ɗaga ƙarfe a atisayensu.

An rage haɗari, kuɗi ya ƙaru. Sai dai ɗan gajeren bidiyo kisa kawai yake nunawa, yakan yanke kirari da kiɗa. Yaron da ya koyi dambe daga waya zai iya kai naushi, amma ba shi da maigidan da zai ba shi suna. Judo ma ta ga irin wannan bayan shigarta gasar Olamfik a 1964, inda neman maki ya rinjayi tsararrun motsin da ake kira kata.